Ni da takardun fansho

14 Janairu 2024

Yau dai na zauna na yi lissafin da nake ta gudu tun bara. Na kama aikin gwamnatin tarayya ran 2 ga Oktoba 1990, ke nan Oktoban baɗi zan cika shekara 35 cif, kuma ƙa'idar ba ta da kwana-kwana, shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa ita ke sallamar mutum. Ni 'yar 1968 ce, to 35 ɗin ce za ta fara cim mini ina da 57. Malaman makaranta su an ɗaga musu zuwa 65 ko 40 tun dokar 2022, mu kam muna nan inda aka bar mu.

Maigida ya ce wai na cika garaje, wata ashirin da 'yan kai fa ya rage. Na ce Alhaji ai gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Akwai wata yayarmu a wurin aiki da ta yi ritaya shekaran bara, matar da in ta shigo kowa sai ya gyara zama, kwanan baya na gan ta zaune a benci a ƙofar ofishin da ta taɓa riƙewa, rungume da jakar leda cike da takardu tana jiran wani yaro da ita ta koya masa aiki ya dawo ya sa mata hannu. Na gaishe ta na wuce amma abin bai bar raina ba. Shi ya sa na buɗe wannan rubutun, duk abin da na yi in rubuta da kwanan wata, don kaina yanzu ba ya riƙe abu kamar da.

27 Janairu 2024

Na sa auta ya sauko mini da tsohuwar akwati daga saman wadirof. Ƙura kamar me, na yi atishawa har na gaji. Abin da na samu: takardar ɗaukar aiki ta farko, ta yi ja ta karye a wajen ninki amma ana karantawa, takardar tabbatarwa a aiki, takardun ƙarin girma guda biyar, takardar shekaru ta kotu da Baba ya yi mini tun zan shiga sakandare Allah ya jiƙansa, da tarin takardun albashi a hargitse wasu ma rubutun ya goge gaba ɗaya sai farar takarda. Abin da ban samu ba, kuma shi ne mai muhimmancin, takardar da ke nuna lebul da sitef ɗina a ƙarshen Yunin 2004. Na zazzage akwatin sau biyu, babu.

Auta ya ɗauki hoton kowace ɗaya da waya ya adana mini a imel, ya ce Mama ko gobara aka yi, Allah ya kiyaye, suna nan. Na sayi fayil mai aljihu-aljihu na jera su bi da bi daga 1990.

5 Maris 2024

Na je kamfanin fanshona, wato PFA ɗina, da niyyar in karɓi sitatimen kawai in juyo. Yarinyar da ke kan tebur ta karɓi lambar RSA ɗina, wato asusun fanshona, mai farawa da PEN ɗin nan, ta danna ta ce Mama ba ki yi sabunta bayanai ba. Ashe duk wanda ya buɗe asusun fansho kafin 1 ga Yuli 2019 wajibi ne ya zo a sake ɗaukar bayanansa a haɗa da NIN, in ba a yi ba ba abin da zai motsa, ba biyan haƙƙi, ba ma sauya kamfani. Na tuna sun sha turo mini saƙo a waya ina gogewa don na ɗauka talla ce. Na ce to a yi yanzu mana. Ta karɓi NIN ta duba, ta duba takardar aiki, ta sake duba kwamfuta, sai ta juyo mini da fuskar kwamfutar ta ce Mama kalli nan.

Wallahi mutum uku na gani. A takardar aiki sunana da na mahaifina, an rubuta shi Mohammed. A asusun fansho sunana da na mahaifina da na maigida, saboda a 2005 da aka kawo mana fom ofis aka ce kowa ya cike kafin a tashi, ni kuma lokacin ina ji da sunan miji na ɗora shi. A NIN kuwa Muhammad ne, kuma an sa na maigidan a tsakiya na Baba a ƙarshe, wannan aikin babban ɗana ne da ya cike mini ni ina gefe ina hira. Na ce mata 'yata ai duk ni ce, kina dai ganina. Ta yi dariya ta ce ni na yarda Mama, kwamfuta ce ba ta san haka ba, ita harafi ɗaya in ya bambanta wani mutum ne daban. Na fito gwiwa a sanyaye, sitatimen ɗin ma na manta ban karɓa ba.

6 Maris 2024

Na duba BVN, shi ma da nasa salon. Huɗu ke nan.

23 Afrilu 2024

Kusan wata guda ina sintiri a sashen ajiyar fayil na wurin aikinmu, yau aka ga fayil ɗina. Wani dattijon masinja ne da ya fi kowa daɗewa a wurin ya tausaya mini, ya ce Hajiya fayilolin 'yan casa'in ba a nan suke ba, biyo ni. Wani ɗaki ne a bayan gini ba wuta, ya haska da fitilar waya, fayiloli jibge har rufi an ɗaure su da igiya dami-dami, ƙasan wasu ruwa ya taɓa shiga sun manne sun zama kamar bulo. Ya hau kujera yana sauko da dami ɗaya-ɗaya ina karanta lambobi, a dami na bakwai muka same shi, bangon ya yage, gara ta ci gefe, amma cikin lafiya lau.

Na zauna nan bakin ƙofa na buɗe. Shafin farko hotona ne baƙi da fari ina 'yar shekara 22, ɗankwali ya karkace, ido zuru-zuru kamar wadda aka kama da laifi. Na daɗe ina kallon yarinyar nan. Can ciki na samu takardar da nake nema, ƙarin girman 2003, da lebul da sitef ɗin da nake kai har 2004 ta riske ni, Alhamdulillahi. Amma murna ba ta je ko'ina ba, don a takardar tarihin aiki da aka buga da tafireta an sa shekarar haihuwata 1966. Gabana ya faɗi, don kowa ya san ranar haihuwar da aka rubuta wa ma'aikaci ranar ɗaukarsa ba a sauya ta har ya bar aiki, kuma in ka zo da maganar gyara kallon mai rage shekaru ake maka. Sai dattijon nan ya ce duba fom ɗin da kika cike da hannunki. Muka yi ta bin shafi har muka same shi a can ƙarshe, 1968 ne da rubutuna, sai dai cikin takwas ɗin na sama tawada ba ta fito sosai ba, mai bugawa ya karanta shida, kuma daga nan kowa ya yi ta kwafa shekara 34.

Ranar tafiyata ba za ta canja ba ko 66 ko 68, 35 ɗin ce dai ke gaba. Amma shekarun mutum na cikin abin da ake lissafa fansho da shi, kuma dole ta yi daidai da ta NIN. Na rubuta wa darakta takarda na liƙa kwafin fom ɗin. Baba masinja kuwa na yi masa godiya har ya ji kunya, ya ce shi ma saura shekara biyu, kuma bai taɓa buɗe nasa ba.

30 Mayu 2024

Na karɓo cikakken sitatimen tun daga farko, shafi goma sha, na zauna da rula da jan biro ina bin wata-wata. Aiki ne mai sa ciwon ido amma kowa ya kamata ya yi, don ba wanda zai yi maka. A dokar 2004 kashi 7.5 ake cira a albashinka mai aiki ya ɗora 7.5, dokar 2014 ta mayar da shi kashi 8 daga ma'aikaci, aƙalla 10 daga mai aiki, kuma doka ta ce a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan an biya albashi. A takarda ke nan. A nawa na samu wata biyar da ba abin da ya shiga, sannan bayan wani ƙarin girma da aka yi mini kusan shekara guda ana tura mini kuɗin tsohon lebul. Wani zai ce ɗan kaɗan ne, amma kuɗin da ya kamata ya shiga tun shekara goma sha da suka wuce ba shi kaɗai ka rasa ba, har da duk ribar da zai haifa daga lokacin zuwa yau.

Na kai wa jami'in fansho na wurinmu, ya ce in kawo takardun albashin watannin. Uku nake da su, biyu na cikin waɗanda suka goge. Ya ce zai duba a nasu.

Wani abu da ban sani ba sai a wannan zuwan, ashe kuɗin ba a hannun PFA yake ba, su juya shi kawai suke yi, ajiyar tana wurin wani kamfani daban da ake kira PFC, PenCom kuma, wato hukumar fansho ta ƙasa, na sa ido a kan duka biyun. Shekara kusan ashirin ana cirar mini kuɗi ban taɓa tambaya ba.

18 Yuli 2024

Maganar suna ta ƙare. Na yi takardar rantsuwa a kotu, na buga a jarida, na gyara NIN ya koma daidai da takardar aiki harafi da harafi, banki ma na gyara, sannan na koma aka ɗauki hotona da yatsu aka sabunta bayanan. Sunan maigida na cire gaba ɗaya. Ya ɗan yi fuska ya ce wato ni aka sallama tun kafin gwamnati ta sallame ki, na ce Alhaji kai ka san inda sunanka yake a rubuce, ba sai kwamfuta ta shaida ba. Darakta ma ya sa hannu a gyaran 1968.

9 Satumba 2024

Ƙananan ma'aikata na ta tambayata me ya sa na nace wa takardar 2004, bari in rubuta yadda na fahimta. Mu da muka fara aiki kafin sabon tsari, aikinmu kashi biyu ne. Daga tsakiyar 2004 zuwa yau kuɗinmu na cikin asusu muna gani. Amma shekarun baya, ni kusan 14, a tsohon tsari na yi su lokacin da ba a cirar komai, mu ne ke bin gwamnati bashin giratuti da fanshon waɗannan shekarun, kuma ana lissafa shi ne da matsayin da kake kai a 30 ga Yuni 2004. Sai ka yi ritaya ake saka shi a asusunka a haɗa da abin da ka tara, sannan a yi lissafin abin da za ka riƙa karɓa. To in aka sa maka sitef ɗaya ƙasa da naka, ka tafi da wannan giɓin har ƙarshen rayuwa. Kuma shi wannan haƙƙin bayan shi ne ke sa mutane su yi wata da watanni a gida ba albashi ba fansho, don ba a fara biya sai ya shiga. Waɗanda ya rage musu shekara uku ko ƙasa da haka a 2004 an bar su a tsohon tsarin, su PTAD, hukumar masu fanshon tsohon tsari, ke kula da su, ba ruwansu da wannan lissafin.

Na fara ware wani abu duk wata saboda wannan zaman jiran. Ba yawa, amma dai.

12 Nuwamba 2024

An yi tantancewa! Duk shekara PenCom na tantance ma'aikatan tarayya da za su yi ritaya a shekara mai zuwa, da can sai mutum ya yi tafiya ya bi layi, tun 2021 aka mayar da shi ta intanet. Auta ne ya zauna ya yi mini rajista ya ɗora takardun, netwok na yankewa muna sakewa, wata takardar a ce ta yi nauyi sai ya rage ta, mun kai sha ɗayan dare. Washegari na kwashi na asali na kai PFA, takardar ɗaukar aiki, ta shekaru, tarihin aiki mai hatimi, takardar gabatarwa daga ofis, takardun ƙarin girma, katin aiki, suka bi ɗaya bayan ɗaya suka ɗauki hotona suka ba ni silif. Minti arba'in. Wani bawan Allah da ke kusa da ni an mayar da shi, ranar kama aikinsa a takarda biyu ta saɓa da wata guda, ya yi ta rantsuwa yana cewa shekara 35 fa na yi, yaron ya ce yallabai ka yi haƙuri ba ni da yadda zan yi. Na ji kamar in ba shi lambar Baba masinja.

Silif ɗin na yi masa kwafi biyar.

19 Janairu 2025

Yanzu kuma rigimar da ta fi ta takardu, yadda zan karɓi kuɗin. Tun da aka ji na kusa tafiya wayata ba ta huta ba, 'yan inshora na kira, na PFA na kira, kowa Mama kaza Mama kaza, ban san inda suka samu lambata ba.

Da farko akwai dunƙulallen kuɗin da ake ba mutum a tashin farko. Kowa a ofis yana da nasa labarin, wannan ya ce kwata ne wancan ya ce rabi, wata har ta gama rabon nata a baki, mota da auren 'ya da gyaran gida. Abin da aka nuna mini shi ne lissafi ake yi da shekarunka, da ko namiji ne ko mace, da albashinka na ƙarshe, da abin da ke asusun, sai an ware abin da zai isa biyanka duk wata sannan a ga abin da za a iya ba ka a dunƙule. Kuma duk abin da ka ɗiba da yawa a farko daga na watan ka rage. Mu mata ma wai saboda an ce mun fi tsawon rai sai a shimfiɗa namu a shekaru masu yawa, na wata ya ɗan yi ƙasa. Na ce ikon Allah, tsawon ran ma sai an caje mu.

Ragowar kuma hanya biyu ce. Ko ka bar shi a PFA suna juyawa suna ba ka kaɗan-kaɗan duk wata ko duk wata uku, in ka rasu abin da ya saura na magada ne, in riba ta yi kyau ana iya ƙara maka, amma in Allah ya ja kwana asusun na iya yin ƙasa. Ko kuma anuwiti, ka miƙa kuɗin ga kamfanin inshorar rai su riƙa biyanka har ranar da ka koma ga Allah ko shekara ɗari ka yi, sai dai lamunin magada shekara 10 ne, in ka rasu a cikinsu a biya su ragowar, in ka haura ba su da komai. Kuma daga na farko ana iya komawa anuwiti, amma in ka shiga anuwiti ba dawowa. Wannan ƙofar da ba ta buɗewa ta baya ita ta fi tsaya mini a rai.

Maigida anuwiti yake so, ya ce ke dai ki samu abin da ba zai yanke ba, yara kowa ya kama gabansa. Ni kuma ina tunanin auta bai gama makaranta ba, ga marayun ƙanwata biyu a hannuna. Sannan akwai maganar ruwa da ta daɗe tana damuna, na tambaya aka ce kuɗin fansho an kasa shi asusu-asusu, akwai Asusu na 6 wanda ba a saka kuɗinsa a harkar da ke da riba ta ruwa, an fara shi a 2021, da na masu aiki da na 'yan ritaya, kuma sai mutum ya nema da kansa a rubuce. Ni yanzu ina Asusu na 3 inda ake mayar da duk wanda ya kai 50. Na karɓo fom ɗin, yana cikin jaka. Zuciyata ta fi karkata ga barinsa a PFA in ga kamun ludayinsu tukuna, tunda ita wannan hanyar tana da wurin juyawa, amma ban faɗa wa Alhaji ba.

8 Fabrairu 2025

Labari ya zo gwamnatin tarayya ta amince da takardun lamuni na naira biliyan 758 don biyan bashin fansho da ya taru. Guruf ɗinmu na WhatsApp ya kacame da murna. Ni dai ba girin-girin ba, ta yi mai. Ban fasa ajiyata ba.

20 Maris 2025

Mun yi rashi, wani abokin aikinmu da muka yi tantancewa tare, saura masa wata huɗu. Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Da muka je gaisuwa matarsa ta ja ni gefe ta ce Yaya ke kin san kan abin nan, sunan ƙaninsa ne a fom tun kafin ya aure ni, shi ke nan mun rasa? Na ce a'a kwantar da hankalinki, wanda aka rubuta a fom mutum ne da za a nema in wani abu ya faru, ba shi ne mai kuɗin ba, sai an kawo wasiyya ko takardar kula da gado daga kotu kafin a saki ko sisi, kuma tunda a bakin aiki ya rasu akwai inshorar rai da doka ta ce kada ta gaza ninki uku na albashin shekara. Na yi mata alƙawarin raka ta.

Na dawo gida na duba nawa. Sunan Baba ne, shekara goma sha ɗaya da rasuwarsa. Na canja washegari.

24 Yuni 2025

Na rubuta takardar notis ta wata uku, zan miƙa ran 1 ga Yuli. Layi huɗu ce kacal amma sau uku ina sake ta, hannuna na rawa, ban san dalili ba. Wata uku daga cikin biyar ɗin nan da suka ɓata sun shiga asusu a watan jiya, biyun da takardunsu suka goge har yanzu ana dubawa, jami'in ya ce in ƙara haƙuri, na ce haƙurin nan fa ranar 2 ga Oktoba zai ƙare don daga nan sai dai in zo in zauna a benci. An kuma ce daga farkon wannan watan PFA da kansu za su riƙa amincewa da biyan haƙƙi ba sai sun jira sahalewar PenCom ba, in haka ne an rage mataki ɗaya.

Saura takardar sallama daga sassa, sito da asusun bashi da ƙungiyar adashen ma'aikata kowa sai ya sa hannu cewa ba ya bina komai, sai hotuna, sai takardar banki. Sai kuma NHF, kashi 2.5 ɗin nan na asusun gidaje da ake cira duk wata wanda ni ban taɓa cin bashin gida da shi ba, ana mayar wa mutum in ya yi ritaya amma sai ya cike fom ta ofis an kai bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya, kuma an ce in zo da ɗan littafin da aka ba mu tun farko. Na tuna kalarsa, na tuna har aljihun jakar da na taɓa sa shi. Auta ya ce ran Asabar zai sake sauko da akwatin.